Likitan Tsofaffin Kwamfutocinmu

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan jiya, da hantsi, ƙanwarka ta bugo waya ofis ta ce ka cika. Ni na ɗauki wayar. Na ajiye ta, na zauna gaban kwamfutar da ka gyara mini, na kasa taɓa ko da madanni ɗaya.

Likita muke ce maka, alhali ko allura ba ka taɓa yi wa kowa ba. Marasa lafiyarka su ne kwamfutocin tafi-da-gidanka goma sha biyu na ofishinmu na buga takardu, baƙaƙe masu nauyi, waɗanda wani kamfani ya gama cin moriyarsu kafin su zo hannunmu. Ɗakinka na ƙarƙashin matakala, tebur ɗaya, tsohon buroshin haƙori na share fanka, da murafun kwalba da kake jera notuna a ciki. Ƙarƙashin kowace kwamfuta ka manna 'yar takarda mai tarihinta, ranar da ka canja batir, ranar da wani ya zubar mata da ruwa. Tawa ta fi kowacce dogon tarihi, kuma ba laifinta ba ne.

Ba zan manta shekarar da saƙon nan ya fara fitowa a fuskokinsu ba, wai sabuwar babbar manhaja ba za ta hau su ba, sun tsufa. Manaja ya tara mu ya ce huɗu sababbi kawai za a iya saya, kuma ofis ba ya riƙe ma'aikacin da ba shi da abin aiki. Mutum takwas ke nan za su tafi gida. Ni da furfurata na san ina sahun farko. Kowa ya sunkuyar da kai, sai kai ka miƙe.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, lafiyarsu lau. Manhajar ce ta yi musu tsada da sharuɗɗa. A ba ni wata guda."

Ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka cire tsofaffin rumbunan ajiya masu ƙara ka sa masu sauri, ka ƙara musu ƙwaƙwalwa, ka ɗora musu wata manhaja ta kyauta wadda ba ruwanta da shekarun na'ura. Godiyar da muka yi maka kuwa, abin kunya! Ni ne kan gaba wajen mita. Na ce ka ɓatar mini da komai, wurin ajiye takarda ya koma hagu, alamar firinta ta yi ɓatan dabo. Har na ce maka ɗan gyare-gyaren ganin dama. Ka yi murmushi ka ce, "Baba, zauna mu nemo su tare." Ka yini kana jera mini komai inda idona ya saba ganinsa, ka ƙara wa haruffa girma ba tare da ka ce idon nawa ne ya gaza ba.

Duk da haka ban ji ba. Taurin kai ya sa na bi wani bidiyo na yadda ake cusa sabuwar manhajar da ƙarfi, na yi a ɓoye lokacin hutun rana. Kwamfuta ta yi ɗif da aikin mutane na sati uku a cikinta. Na kai maka ita gumi na karyo mini. Ka tsamo takardun nan kaf, kuma har ka koma ga Allah manaja bai ji wannan labari ba. Yau ni na tona kaina, don a san irin mutumin da aka rasa.

Shekara uku ke nan, ba wanda ya tafi gida. Sai ga shi kwana uku da rasuwarka manaja ya dawo da tsohuwar magana. Ya ce, kuma ban ga laifinsa ba, "To yanzu wa zai riƙe su?"

Jiya kwamfutar sakatariya ta ƙi tashi. Sakatariyar ta dube ni, na dube ta, duka mun san abin da mutuwar na'urar nan ke nufi gare ta da 'ya'yanta. Na ɗauka na shiga ɗakinka. Ashe zaman da na riƙa yi kusa da kai ina mita bai tafi a banza ba. Na kwance bayan kwamfutar, na zare ƙwaƙwalwar na goge, na mayar har ta yi ƙas, yadda na sha gani kana yi. Ta kawo haske. Manaja yana tsaye bakin ƙofa, ya ce a bar maganar tukuna.

Da na gama ɗaurewa sai noti ɗaya ya yi saura a tafin hannuna. Wallahi na juya zan tambaye ka inda yake shiga. A nan ne kukan da na riƙe tun ranar Talatar nan ya ƙwace mini.

Allah Ya jiƙanka, Likita, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Yadda ka rufa mana asiri, Allah Ya rufa naka ranar da ba mai rufawa sai Shi. Ga mahaifiyarka, da mai ɗakinka, da ƙanwarka, da 'ya'yanka biyu, ina miƙa ta'aziyyar mutum goma sha biyu da iyalansu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, mu ma Ya ba mu.