Maganin da Babu Mai Shi

Yayata tela ce, kuma duk layinsu babu wanda bai san ƙarar kekenta ba. Shagon nata ɗan tsukuku ne da aka yanka daga ɗakin ƙofar gida: keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka da almakashi ya cinye gefensa, bencin masu jiran kaya, sai igiyar da take rataye ɗinkin da masu shi suka ƙi zuwa karɓa. A nan ta tsufa. Da wannan keken ta riƙe mijinta da ya ajiye tuƙin babbar mota saboda ciwon baya, da surukarta mai gwiwoyi a kumbure, da babban ɗanta da ya gama karatu yake yawon neman aiki da gyambon ciki. Ni ce autar ɗakinmu, ina aure a bayan layinsu, ina sayar da sabulu da man shafawa, kuma bakina ba ya shiru, kowa ya sani.

Asibitin da ke kusa da mu, kafin ka ga fuskar likita sai ka biya a wata 'yar taga mai ƙarfe. Ba magani ba fa, ba gwaji ba, gani kawai. Kuma kowane kai da kuɗinsa. Yaya ta duba gidanta, ta ga majinyata sun fi ƙarfin kekenta, sai ta ƙirƙiro dabararta. Ita kaɗai za ta biya ta shiga, ta kwashe ciwon kowa ta faɗa wa likita a matsayin nata.

Ranar da za ta je, tun da safe take zagaya gida tana karɓar saƙo kamar mai tafiya kasuwa.

"Baban yara, bayan nan ta ina yake kama ka? Yana sauka ƙafa?"

"Har yatsa yake sauka. Ki ce masa in na sunkuya sai an ɗago ni."

Tsohuwa kuma ta ce a faɗa masa gwiwar tana ƙara kamar ƙofa. Yaya sai ta yi ta gwada ɗingishin a tsakar gida, mijin yana daga kan tabarma yana gyara mata: "A'a, ba haka nake dafe ƙugun ba, ƙasa kaɗan." Su yi ta dariya. Ni abin bai taɓa ba ni dariya ba. Na ce mata, "Yaya, wannan wane irin kwaɗayi ne? Likita fa ba mai awon hatsi ba ne da za ki ce ya ƙara miki gyara." Ta ce, "Auta, in kina da na biya wa mutum huɗu, miƙo." Ba ni da shi. Na tashi na fita ina huci.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ma tana da nata ciwon, na gaske, amma ba ta lissafa shi cikin saƙo. In ta daɗe a kan keke, jijiyar wuyanta takan tashi, ta runtse ido ta dafe ƙeya. In ka yi magana ta ce zaren baƙi ne ke gajiyar da ido. Likitan kuwa ba sai an faɗa masa ba. Duk zuwa sai ya ɗaura mata abin awon jini a dantse, ya matsa, ya kalli allurar, ya girgiza kai. Hawan jini ne, kuma duk zuwa yana rubuta mata maganinsa a ƙasan sauran.

Wannan ban san shi ba sai ranar da na raka ta, don ƙafarta ta kumbura ba ta iya hawa motar haya ita kaɗai. Muka zauna a kan bencin asibiti tun rana na ƙasa har ta take tsaka, fanka na juyawa a sama ba ta kawo komai. Da aka kira ta na bi ta ciki. Na zo da faɗana a baki, don na daɗe ina tanadar wa likitan nan magana. Sai na tarar da wani ramammen mutum, wuyan rigarsa ya ci, idanunsa jajir, ga kofin shayi ya huce a gefensa har ya yi fata. Duk da haka ban fasa ba.

Na ce, "Likita, tsakani da Allah, kuɗin nan da ake karɓa a taga, na kallon fuskarka ne kawai?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Hajiya, ni ma albashi nake jira. Injin wutar da kike ji yana ruri, ba ruwa yake sha ba. In na ce miki kuɗin ya yi yawa, gaskiya ne. In na ce bai isa ba, shi ma gaskiya ne." Ya juya wajen Yaya. "Mama, kina shan maganin jinin nan kuwa?"

Ta ce, "Ina sha, ɗana," ko gezau.

Ya ce to bari ya ƙara masa ƙarfi, tun da na baya bai yi aiki ba. Ashe haka yake ta ƙarawa, bawan Allah, yana zaton jikinta ne mai taurin kai.

A kemis na ga sauran. Mai kemis ya jera kwalaye a kan kanta, Yaya ta fara rabo da yatsa: wannan na Baban yara, wannan na tsohuwa, wannan fari na ruwa na yaron ne. Da aka zo kan na ƙarshe, wanda ya fi su tsada, ta tura shi baya.

"Mayar da wannan, babu mai shi."

Mai kemis ya mayar ba tare da ya tambaya ba, da gani ya saba. Na ce, "Kamar yaya babu mai shi? Naki ne fa!" Ta ce, "Wa ya aike ni shi? Ni ban ce masa kaina na ciwo ba, shi ya ga dama ya rubuta." Wallahi a tsakiyar shagon mutane na yi mata tas. Na zazzage jarin sabuluna na saya mata na wata guda. Ta sha, ta ce ta ji daɗinsa. Wata na biyu ba ni da kuɗin, ita ma ba ta da shi, ga kuɗin haya ya taso. Haka muka yi ta yi, wani watan a sha, wani watan a bar wa Allah, har na gaji da faɗa, ita ma ta gaji da ji.

Wata ranar aiki da hantsi, tana tsaka da ɗinkin kayan makaranta, ƙarar keken ta tsaya. Wata mai jiran kaya ce ta yi ihu. Aka same ta ta zame gefe, ƙyallen yana maƙale a ƙarƙashin allura, bakinta ya karkace. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta tafi, sai 'yan sautuka da ni kaɗai nake ganewa, ni ɗin ma ba kullum ba.

Da na faɗa wa likitan yadda Yaya take kwaso ciwon gida ta kawo masa, na ɗauka zai yi faɗa. Ya cire gilashinsa ya murza ido ya daɗe. Ya ce, "Na yi ta mamakin mace ɗaya da ciwon direba." Ba a jima ba muka ji ya bar aikin, ya tafi inda ake biya da kyau, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu gidan shiru. An lulluɓe keken da tsohon zani. Ɗan ya samu aikin lodin kaya, shi ke biyan taga da maganin uwarsa, kuma ba ya wuce nan. Mijin ya koma shafa man zafi, tsohuwa ta daina tashi. Ni ce mai kai Yaya asibiti duk wata, in ciccibe ta a mota, in tura ta a kujera mai taya, in yi mata baki a gaban sabuwar likitar da aka kawo, wata yarinya mai saurin rubutu da ba ta san tarihinmu ba. Na gaji, ba zan ɓoye ba. Gajiyar har cikin ƙashi nake jin ta.

Kwanan baya ina yi wa Yaya wanka, na ɗaga ta, sai wani abu ya soke ni a ƙarƙashin hammata ta hagu. Na taɓa na ji ƙullutu, mai tauri, ba ya motsi. Ban faɗa wa kowa ba. Ita dai ta ga yadda na cije leɓe, ta bi hannuna da ido.

A zuwanmu na ƙarshe likitar ta gama awo, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta ce, "Akwai wani abu kuma da ke damunta?"

Na buɗe baki in ce babu. Sai na ji kaina ina cewa, "Tana nuna nan, ƙarƙashin hammata, kamar akwai ƙullutu. Me ke kawo irin wannan, likita?"

Likitar ta dubi Yaya. "Mama, haka ne? Wane gefen?"

Yaya ta kalle ni, hawaye na gangarowa ta gefen idon da ba ya rufuwa. Hagu ne kaɗai hannun da ya rage mata, kuma da shi ba ta iya kaiwa wurin sai da wahala. Ta lanƙwasa shi a hankali, ta dafe jikinta daidai inda nawa yake, ta ɗaga wa likitar kai.