Tsinken tsintsiya a ƙarƙashin mota

Ana sallame sallar asuba muka bar Arlit, mu uku a gaban mota: babban ɗana yana tuƙi, maƙwabciyata a tsakiya, ni a jikin ƙofa. Makullin motar ma sai da na zauna na gyara mayafina, sannan na kwance shi daga bakin zanena na miƙa masa. Ni ban yi karatu ba. 'Yata ce ke rubuta wannan a wayarta, kuma na ce mata abin da na faɗa shi za ta sa, kada ta gyara mini magana.

Motar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen bayan nan. Maigidana, Malam, ya saye ta bayan an rufe ramin haƙar ma'adinin da yake aiki a Akokan, ya koma kai wa masu haƙar zinariya ruwa da gari a Tchibarakaten. Shi yake gyara ta da hannunsa a ƙofar gida. Yana da wani ɗan kirik, wato ƙarfen da ake ɗaga mota da shi, gajere mai kama da kwalba. Kirik ɗin yana yoyon mai, yana sauka a hankali, kuma ya sani. In na yi magana sai ya ce tsohon abokinsa ne, ya san halinsa. Wata rana da hantsi ya cire tayar baya ya shiga ƙarƙashi. Ina cikin gida ina dama masa kunu na ji wata ƙara, ba ma mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu. Na fito da ƙwarya a hannuna, na tarar motar ta sauko ta danne shi. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban samu ko kalma ɗaya daga bakinsa ba. Har yau in na faɗi wannan sai na yi kuka, yanzu ma yi nake, kuma ba zan ɓoye ba.

Da na fita takaba, ɗana ya samu lodin Tchibarakaten. Na tambaye shi da wane kirik zai tafi, ya sunkuyar da kai. Shi ne na ɗauke makullin. Ƙanen mijina ya zo har tsakar gida yana faɗa, wai kwana ne ya ƙare, ba ƙarfe ba, wai ina mace ina maganar kirik, in bar yaro ya nemi abincin iyalinsa. Na ce masa na yarda kwana ne, amma motar nan ba za ta motsa ba sai na zaɓi kirik da idona. A Arlit duk shagon da na shiga an san labarina, sai a yi mini gaisuwa a ce in turo ɗana. Na sayar da awakina biyu da warwaron aurena, na ce Agadez za mu.

Wanda bai bi hanyar Arlit zuwa Agadez ba kada ya ce ya san hanya. Sunanta kwalta, amma kwaltar ta rage kamar ƙanzo a gindin tukunya, nan ɗan kaɗan, can ɗan kaɗan. Direbobi sun bar ta sun yi tasu a gefe cikin rairayi. Manyan motoci suna wuce mu cike da jarkoki da katifu, mutane a samansu sun naɗe fuska sai ido. Maƙwabciyata, 'yar Tahoua ce, ta ce rakiya ta zo yi mini, amma tun kafin mu wuce shingen sojoji na farko na gane albasa ta zo saye. Duk ramin da muka faɗa sai ta yi salati ta kama gwiwata, har gwiwar ta fi bayana ciwo. Mun tsaya a wata rumfa muka sha shayi da burodi. Shayin ƙaramin kofi ne, mai ɗaci, na sha biyu. Wata Buzuwa ta kawo cuku, na saya don 'ya'yan ɗana, tsadarsa kuwa ta fi ta bara nesa.

Rana ta fara zafi sai tayar baya ta fashe. Ɗana ya tsaya ya sauka. Ina zaune na ji yana jan wani abu daga bayan kujera, na waiga, sai ga tsohon kirik ɗin nan a hannunsa. Ashe bai jefar ba. Kafin in buɗe ƙofa har ya durƙusa, ya tura kansa da kafaɗarsa ƙarƙashin mota yana neman inda zai kafa shi.

Ku da kuka san al'adarmu kun san uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Shekararsa arba'in ban taɓa kiran sunansa ba, ko a ɗaki, ko yana jariri. Ranar nan a tsakiyar daji, gaban maƙwabciyata, na kira shi da sunansa na yanka, da dukan muryata. Ya fito da baya da baya, ya tsaya yana kallona kamar bai san ni ba. Na karɓe kirik ɗin na ajiye a ƙasa na zauna a kansa.

Ya ce, “Inna, nan za mu kwana ke nan?”

Na ce, “In ta kama.”

Ba mu kwana ba. Bayan kamar awa guda wani direba mutumin Gougaram ya tsaya, dattijo mai baƙin rawani. Ya ga tsohuwa zaune a kan kirik, bai yi dariya ba, ya tambaya. Maƙwabciyata ta ba shi labari, har da wanda ba a tambaye ta ba. Ya yi wa mamaci addu'a, sannan ya sauko da nasa kayan. Na zuba ido. Ya sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba. Ya shimfiɗa wani faifan ƙarfe mai kauri a kan rairayi, ya ɗora kirik ɗinsa a kai. Da motar ta tashi, ya tura tayar safaya a kwance ƙarƙashinta kafin kowa ya taɓa komai. Da Hausarsa ta Buzayen dutse ya ce mini, “Inna, kirik ɗagawa ne aikinsa, ba riƙewa ba. Mota ya fi mutum nauyi. In ka saya, ka sayi ƙafa biyu na ƙarfe da shi.” Ƙafafun da yake nufi su ne makanikai ke ce wa shandel, waɗanda ake tokare mota da su bayan an ɗaga.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har Agadez. Ni duk watannin nan kirik nake tsine wa. Ashe ko da sabo ne, bai kamata Malam ya kwanta ƙarƙashinsa ba tare da tokari ba. Na juya fuskata wajen taga.

Mun shiga Agadez bayan la'asar, muka sauka gidan ƙanwata. Garin ya cika fiye da yadda na bar shi, babura kamar fara. An ba mu shinkafa da miyar dankalin da ake nomawa a lambunan kan dutse, aka kawo lemun Timia, mai zaƙi sosai. Albasa da dankali sun fi araha a can, man mota kuma ya fi tsada, shi ya sa ɗana ya zo da jarkarsa daga gida.

Da safe muka tafi layin masu kayan mota. Mai shagon da muka tsaya mutum ne mai fara'a da zoben azurfa, da ya gan ni sai ya juya wajen ɗana yana yi masa bayani. Na ce masa ni ce mai saye. Na ce kirik mai taya nake so, dogon nan mai kwanciya a ƙasa, mai doguwar sanda, wanda mutum zai tsaya daga waje ya ɗaga mota ba sai ya cusa kansa ba. Ya fito da guda uku. Na farko ɗan ja ne mai sheƙi, mai sauƙin kuɗi. Aka tura shi ƙarƙashin motarmu aka buga har ƙarshe, da ƙyar ya taɓa ƙarfen, tayar ko motsi ba ta yi ba. Na ƙananan motoci ne, bashe ta fi shi tsawo. Na ce a mayar.

Na biyu ya ɗaga ta tsaf. Mai shago ya nuna mini rubutun da ke jikinsa ya ce, “Hajiya, ga shi nan an rubuta, tan uku.”

Na ce, “Ni ban iya karatu ba. Motar ma ba ta iya ba.”

Na gaya masa shekara hamsin ina sayen randa, ban taɓa biya ba sai an cika ta da ruwa an bar ta na ga ko gindinta zai jiƙe. Haka za a yi wa kirik. Na sa maƙwabciyata ta kawo buhunan albasar da ta saya aka loda a baya. Na zari tsinke ɗaya daga tsintsiyar shagon, na durƙusa daga gefe, na tsayar da shi daga ƙasa zuwa gindin bodin motar, na karya shi daidai. Na ce kada wanda ya taɓa, sai an yi azahar. Masu shagunan kusa suka taru suna dariya, wani ya ce yau an kawo kirik gidan ungozoma. Na shimfiɗa tabarmata a inuwa na zauna, muka ci dambun zogale na dala hamsin hamsin. Ɗana kunya ta kama shi, ya koma can nesa yana danna waya.

Da aka sallame azahar na ɗauki tsinkena. Bai shiga ba. Motar ta sauko da faɗin yatsa biyu, a jikin kirik ɗin kuma ga ɗan danshin mai. Na kira ɗana na sa yatsansa a wurin. Dariya ta tsaya. Mai shagon, in faɗi gaskiya, bai yi gardama ba, ya ce shi ma a kwali aka kawo masa, kuma ya tura shi can ƙuryar shago.

Na uku ba shi da kyan gani, launin toka ne, faffaɗan gindi, tayoyinsa na ƙarfe, nauyinsa sai mutum biyu. Kuɗinsa ya kusa ninka na biyu. Aka ɗaga, na karya sabon tsinke, na koma tabarmata. Wannan karon ɗana ya zo ya zauna kusa da ni. Muka yi la'asar, rana ta yi sanyi, na sa tsinke. Ya shiga daidai yadda na karya shi, ba ragi. Wanda ya yi maganar ungozoma shi ya fara cewa a ba shi aron tsinken.

Na sayi wannan, na sayi ƙafafun ƙarfe biyu, na sa mai walda ya yanko mana faifai mai kauri mai faɗi, don tayoyin kirik ɗin ƙasa mai tauri suke so, a rairayi nutsewa za su yi. Kafin mu bar wurin mai waldar na miƙa masa tsohon kirik ɗin Malam na ce ya raba shi biyu. Ya ce zai saye shi. Na ce ba na sayarwa ba ne, yanka za a yi, kuma na tsaya har ya gama. Tartsatsin wuta yana tashi ina hawaye, don shekara da shekaru hannun Malam yana kan ƙarfen nan.

Washegari muka kama hanyar gida, hanyar tana nan yadda muka bar ta, sai dai warin albasa da ya raka mu. Mun isa Arlit kafin magariba. Ƙanen mijina yana ƙofar gida, ya dubi kayan ana saukewa ya ce, “Matar yaya, kin sayo masa tsawon rai ke nan?”

Na ce, “Ransa yana hannun Allah, ban je Agadez neman sa ba. Ƙarfe na je saye, kuma na saya.”

Ya ce to tsohon a ba shi, ai ƙarfe ne mai amfani. Na kwance ƙullina na miƙa masa rabi. Ɗaya rabin yana ƙarƙashin gadona.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne, amma ku gaya wa mazanku da 'ya'yanku. Kirik ya kai tsawon motar, ya fi ƙarfin nauyinta da kayanta. Kada a yarda da fenti ko rubutu, a ɗora masa nauyi a bar shi a gani. Kuma ko wane iri ne, kada ɗan kowa ya kwanta ƙarƙashin mota sai an tokare ta. Wanda zai ce tsohuwa ta shiga abin da ba nata ba, ya faɗa. Ni na fito da ƙwaryar kunu, ba shi ba.

Washegari da hantsi ɗana ya ce zai duba ƙarƙashin motar kafin ya ɗauki lodi. Na fito na tsaya a inda na tsaya ranar da Malam ya rasu. Ya sa duwatsu, ya shimfiɗa faifai, ya ɗaga daga tsaye, ya kafa ƙafafun biyu, ya girgiza motar da kafaɗa ba ta motsa ba, sannan ya shiga. Da ya fito na ɗaura tsinken a jikin makullin da zare na ba shi. Ya juya shi a hannu yana murmushi ya ce, “Inna, ashe kin san sunana.”

Na ce masa na sani, ni na ji shi kafin kowa ranar suna. Allah kada ya sake sa ni in kira shi.