Littafin Da Babana Ya Karanta Wa Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk faɗin Dutse babu wanda ya kai ni sanin littafi, wani abu ya faru a gidanmu da ya rage mini surutu. Ragewa fa na ce, ban ce ya hana ba.

Waɗanda suka daɗe suna bibiyata a shafukan sada zumunta sun san halina. Da zarar an mai da littafin Hausa fim, ni ne na farkon fitowa in ce an ɓata. Wani sa'in ma ban gama kallo ba na fara rubutu.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ba ta yi boko ba. A Alƙur'ani ba ka isa ka ja da ita ba, amma rubutun boko sai an karanta mata. Duk da haka akwai wani littafi da ta sani kamar yunwar cikinta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya karanta mata shi tun suna ƙauyenmu na wajen Kafin Hausa, yana koyarwa a firamare, ni ko haihuwata ba a yi ba. Bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, tana ɓarar gyaɗa, yana karantawa.

Labarin wata mata ne da 'yarta ta fari ta rasu. Tun muna yara Inna ke ba mu shi: matar ta kwanta ciwo don baƙin ciki, mijinta ya yi ta jinyarta har ta miƙe, daga baya Allah ya ba ta ɗa namiji mai shegen surutu, ta tsufa cikin jikokinta. Littafin kansa gara ta cinye shi tuntuni.

Ranar da na ji an yi fim ɗinsa sai na ce yau zan burge Inna. Na je wajen masu tura finafinai a kasuwa, aka saka mini a filas, na dawo gidanmu na Takur na haɗa da talabijin. Da farko abin ya yi daɗi. Inna sai sharhi take: "Wannan ce mai zaman makokin, da jambaki haka? Kuma a wane ƙauye ake daka gero da agogo a hannu?" Ni kuwa sai zuga ta nake.

Can wajen ƙarshe sai matar ta mutu, aka fito da makara, fim ya ƙare.

Inna ta miƙe tsaye. "Ƙarya ne! Wallahi ba haka aka yi ba. Ina yaron? Ina jikokin?" Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci a kan abin kallo haka ba. Ranar ko tuwo ba ta ci ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, zan nemo littafin in karanta mata, mu kunyata su.

Ni kuma uban 'yan sharhi, kafin magariba na zabga rubutu, na wanke masu fim tas, na ce sun kashe baiwar Allah don kawai a yi kuka.

Sai abokina mai sayar da littattafai ya kira ni. "Malam mai sharhi, ka karanta littafin nan kuwa?"

Na ce, "Tun ina goye na haddace shi."

"Ba hadda na tambaye ka ba. Ka karanta?"

Na hau kame-kame, shi kuwa ya yi ta dariya har da tari. Kashegari ya lalubo mini wani tsohon kwafi. A tsaye a bakin shagonsa na buɗe ƙarshen. Matar ta mutu. Babu ɗa, babu jikoki. Masu fim ba su ƙara ba, ba su rage ba. Na lallaɓa na goge rubutuna ba tare da sallama ba.

A kan hanyar gida ne abin ya faɗo mini a rai. Na tuna muna da yaya mace da ƙyanda ta ɗauke kafin a haife ni. A bakin gwaggona na ji labarinta, don Inna ba ta taɓa ambatonta ba. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, balle a ga tana yi masa kuka. Nan na gane wanda ya sauya ƙarshen labari, na kuma gane dalili.

To yanzu in na karanta mata gaskiya, na rushe abin da ta riƙe tun tana amarya, ga shi wanda ya ba ta ba ya raye. Na ɓoye littafin a ƙarƙashin katifa, kullum ina ce mata ba a samu ba. Rannan tana gyara mini shimfiɗa ta zaro shi. Ba ta iya karanta sunan ba, amma ta gane hoton bangon. Ta ce, "Kai, ni za ka yi wa wayo? Ɗauko tabarma."

Muka fara, kullum bayan la'asar, a tsakar gida. Wani wurin tana riga ni faɗin abin da zai biyo baya. Ni kuwa na shirya a raina cewa in mun zo wurin zan yi yadda babana ya yi, in ƙago mata nawa. Da muka zo, sai na tsaya cak. Duk surutun nan nawa, kalma ɗaya ta gagare ni.

Inna ta ce, "Ka tsaya me? Nan ne ma babanku ya tsaya. Ya ce ƙishirwa yake ji, ya tashi ya nufi randa da kansa, mutumin da ko moɗa bai san inda take ba. Ya daɗe bai dawo…"

 Ta dubi littafin, ta dube ni.

"Karanta abin da ke rubuce. Kada ka ƙara mini ko wasali."

Na karanta mata har layin ƙarshe.

"Ashe mutuwa ta yi."

"Eh, Inna."

"Babu yaron?"

"Babu shi."

"To shi mai surutun daga ina ya fito?" Ta ƙura mini ido, ta fara dariya, dariyar ta koma kuka. Na rasa inda zan sa kaina, ni ma hawaye suka zubo.

Da ta nutsu ta ce, "Lokacin da ya karanta mini, ko arba'in ɗin yayarka ba a yi ba. An hana ni kuka, wai abin kunya ne. Na daina cin abinci, na fara ramewa. Da na ji matar nan ta miƙe sai na ce ni ma zan miƙe. Na ɗauka marubucin ne ya san halin da nake ciki. Ashe mai abin yana kusa da ni a kan tabarma."

Daga nan ta yi wa babana addu'a, ta yi wa yayata, ta kira sunanta sarai. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Har yau ana tambayata wanne ya fi, littafi ko fim. Ina dai amsawa, don hali ba ya barin mai shi, amma yanzu sai na karanta tukuna. Kuma na daina saurin zagin wanda ya sauya labari, sai na tambayi wa ya sauya wa, don me. Ni kaina ai babu ni a littafin, babu ni a fim ɗin.

Inna tana nan, ta tsufa cikin jikokinta, kuma ƙarshen babana take ba su. Kwanaki na ji 'yata ta tambaye ta, "Inna, wa ya rubuta labarin nan?"

Ta ce, "Kakanki ne. Ni kaɗai ya rubuta wa."