Kabewar Ranar 'Yanci

Yau ranar ƙarshe ta shekara. A kasuwar kayan miya ta unguwar Ard al-Liwa, wata mata tana ƙwanƙwasa kabewa da yatsa, tana kara kunne. Gajera ce, baƙa, da shuɗin ɗankwali da fararen takalma irin na ma'aikatan asibiti. Ta riga ta ƙi guda shida.

"Khalas, ya isa haka, ya Madam," in ji Isam mai tebur da Larabci. "Duk sukari da madara za su rufe."

Ba ta gane ba. Na fassara mata da Faransancin da na koya a makarantar Mishan ta Zinder, wanda ya daɗe bai fito bakina ba.

"Miya zan yi, Baba, ba kayan zaƙi ba. Ni 'yar Haiti ce. Zamanin bauta kakanninmu ke dafa ta, iyayengiji su shanye, su ko ɗanɗano babu. Gobe ranar 'yancinmu ce, ban taɓa fashi ba."

Ina jin ita kaɗai za ta sha, a ɗakin haya. Duk da haka ta zaɓi mafi girma. Na miƙa hannu in taya ta ɗauka.

"Bari, Baba," ta ce. "Wannan don kaina nake ɗauka."