Fuskar Mai Kifin Banda a Launi Huɗu

A cikin duk abubuwan da suka same ni a sana'ar zane, akwai guda ɗaya da ba na jin zai fita raina har in koma ga Allah. Yanzu furfura ta cika mini kai, hannuna ma ya fara rawa idan na daɗe riƙe da buroshi, amma ranar da na kai wani zane kasuwar Warra tana nan a idona kamar jiya aka yi.

Lokacin ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba, kowa na ta ɗokin sabon abu. Ni kuwa ina da 'yar rumfata a Yelwa, a hanyar da ke gangarawa bakin ruwa. Abin da nake ci da shi, shi ne rubuta allon shaguna, da yi wa jiragen ruwa da bayan motoci ado, da rubuta wa 'yan kabu-kabu kalmomin da suke so a tankin mashin. Ba ni da ubangida, ban kuma fito daga wata makarantar zane ba. Idan aiki ya yi sauƙi sai in ɗauko falankin katako in zana abin da raina ke so. Ba dawakai ko itatuwa nake zanawa ba. Abubuwan da ke hannun mutane kullum su ne ke burge ni: gwangwanin tumatir, kwalin ashana, batirin rediyo, silifa. Sai in ƙara musu girma har su kai tsayin mutum, in zuba musu fentin mota mai ƙarfin launi, ja ya zama ja sosai, rawaya kuma har ta kashe ido. Masu wucewa su tsaya su yi dariya, wasu su tambaye ni ko kamfanin ashana ne ya ba ni kwangila. Wani malamin makarantar sakandare ne ya taɓa gaya mini cewa a ƙasashen waje irin wannan zanen fanni ne mai zaman kansa. Na ji daɗin maganar, amma ban daina ganin kaina a matsayin mai rubuta allon shago ba.

A rediyo na ji sanarwar cewa za a yi baje kolin zane-zane da ayyukan hannu a Birnin Kebbi, kuma ko mai zaman kansa zai iya neman rumfa. Na nema, aka ba ni. Daga nan hankalina ya tashi, don na duba abin da nake da shi na ga duk kayan kanti ne, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ina son in tafi da wani abu da duk wanda ya gani zai san daga bakin tafkin Kainji ya fito.

Akwai wata dattijuwa mai sayar da kifin banda a kasuwar Warra, 'yar wata ƙabila ce ta mazauna kan dutse da aure ya kawo ta bakin ruwa. Duk lokacin da na je yi wa masu jirage fenti, a gefen rumfarta nake cin abinci. Tana da wata irin fuska mai kwarjini, da dariyar da ke fito da wushiryarta. Wata rana na ce mata, “Inna, ina son in zana fuskarki in kai babban gari.” Ta kalle ni ta kwashe da dariya, ta ce, “Ka rasa 'yan mata ne, ɗana? To, zana, in dai ba za ka hana ni ciniki ba.” Na zauna a kan buhun gawayi na ɗauki kamanninta da fensir, ita kuwa tana ta jayayya da masu saye.

Da na koma Yelwa na samo babban falanki, na raba shi gida huɗu. A kowane gida na zana fuskarta, iri ɗaya sak, sai dai launi ya bambanta: ɗaya kore, ɗaya rawaya, ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan hoda. A bayan kowace fuska na jera kifin banda a lanƙwashe, kamar zanen atamfa. Na bar duk wani aikin kuɗi na koma kansa. Da na gama na jingine shi a bakin rumfa don ya bushe, na koma gefen hanya na tsaya ina kallo. Gaskiya ban taɓa yin abin da ya kai shi ba.

Jingine shi a waje ne ya jawo magana. Masu jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da Warra suka gan shi, suka gane ta, suka kai labari. Ana saura 'yan kwanaki in tafi, da hantsi, sai ga wani mutum dogo ya sauka daga kabu-kabu a ƙofar rumfata. Ya yi sallama a daƙile. Ya ce shi ne babban ɗan dattijuwar nan mai kifi, masunci ne. Ya daɗe tsaye a gaban zanen, ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi.

“Malam mai zane,” ya ce, “mi Innata ta yi maka?”

Na ce, “Alheri ne kaɗai tsakanina da ita.”

“To, don mi za ka mayar da ita kore kamar aljana, ka kai ta garin da ba ta san kowa ba a yi ta nuna ta da yatsa? A kasuwa yanzu ba a da zance sai wanga. Abokaina na tambayata ko Innata ta shiga wasan kwaikwayo.”

Na yi masa bayanin cewa na nemi izininta. Ya ce izinin fensir ta ba ni, ba ta san zan yi mata haka ba. Ya ce in goge kafin ya bar wurin. Ga galan ɗin kananzir nan a gefe, ga tsumma. Ban ga laifinsa ba, don ni ma ina da uwa, na san yadda mutum ke ji idan aka taɓa ta. Amma kuma idan na goge, babu lokacin yin wani, sai dai in tafi Birnin Kebbi da ashana da gwangwani.

Na ce masa, “Yayana, fuskar ba tawa ba ce, ba kuma taka ba ce. Ranar kasuwa zan kawo shi Warra da kaina. Idan ta ce ba ta so, a gabanka zan shafe shi da baƙin fenti.”

Ya ce, “Ka zo da fentin.”

Ranar kasuwa na naɗe zanen da tsofaffin buhuna na shiga jirgin inji. Falankin ya fi faɗin wurin zama, sai da muka tsayar da shi a tsakiya, ni da wani mai kai buhunan albasa muna riƙe da shi. Da muka fita sararin tafki iska ta taso, ta riƙa bugun falankin tana neman juya jirgin. Mai tuƙi ya ce ko dai mu kwantar da shi ko ya wurga shi ruwa. Muka kwantar da shi a kan cinyoyin fasinjoji, mata da maza suka ɗora hannuwansu a kai, ruwa na fantsamo mana. Wata mata ta tambaye ni ko ƙofar ɗakin amarya ce. Na ce mata a'a. A jakata akwai gwangwanin baƙin fenti da buroshi, kamar yadda na yi alkawari.

Mun isa kasuwa ta cika. Hayaƙin banda ya rufe layin masu kifi. Ɗan dattijuwar yana tsaye a bayan rumfarta ya harɗe hannu, kafin in gama kwance buhunan kuwa mutane sun kewaye mu. Da zanen ya bayyana sai aka yi wata 'yar hayaniya, wasu na dariya, wasu na salati. Ita kuwa sai ta ajiye kifin da take riƙe da shi. Ta goge hannunta da zani, ta taso a hankali, ta tsaya a gabansa. Ta dubi koren, ta dubi rawayan, ta matsa ta dubi sauran biyun. Ta kai yatsa ta taɓa wushiryar da na zana. Ni dai ina tsaye a gefe.

Can ta juyo ta ce, “Ɗana, wagga mata kyakkyawa ce. Amma ba ni ba ce.”

Ɗanta ya saki hannunsa, ya dube ni. Na sunkuya zan buɗe jaka.

Ta ce, “Ina tsagena?” Ta shafa kumatunta. “Ka zana idona, ka zana haƙorina, ka bar abin da ubana ya sa mini. Ka yi mini kumatu sumul kamar na matan kalanda. Idan ka kai wagga mata babban gari, wa zai san 'yar gidan wa ce?”

Sai a lokacin na lura. Hannuna ya saba da fuskokin da ke kwalin sabulu da allon talla, shi ya sa ya tsallake tsagen ba tare da na yi tunani ba.

Ɗanta ya ce, “Inna, ba wannan ne zancen ba. Ki dubi yadda ya yi ki kore.”

Ta ce, “Koren ya fi sauran kyau. Kai ba kore ka sa aka yi wa jirginka ba? Abin da kake so shi kake yi wa fenti.” Matan layin suka fashe da dariya, shi ma sai da ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ta juyo gare ni. “Ka zo da baƙin fenti, ko? An gaya mini. To, buɗe shi.”

Ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna a gefen zanen, ta ɗaga fuska ta juya mini kumatu. A nan tsakiyar kasuwa, cikin rana da hayaƙi, na ɗauki ƙaramin buroshi na fara ja mata tsagenta a fuskokin nan huɗu. Ba ta bar ni na yi yadda na ga dama ba. Idan na ja layi sai ta leƙo ta ce wannan ya yi tsawo, ko wannan bai kai inda ya kamata ba. Wata tsohuwa 'yar garinsu ta matso tana taya ta gyara mini, suna magana da yarensu suna dariya. Da na ja na ƙarshe na ja da baya, sai na ga zanen ya zama wani abu daban. A da fuska ce mai kyau kawai, yanzu kuwa mutum ce ke kallonka, wadda ta fito daga wani gida.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Yanzu ka kai ni.” Ta kuma dubi ɗanta ta ce, “Kai kuma ka kama masa zuwa bakin jirgi, kada fentin ya goge.” Shi ne ya ɗauki gaba, ni na ɗauki baya, muka ratsa kasuwa mutane na ba mu hanya. A bakin ruwa ya ce mini, ba tare da ya kalle ni ba, “Ka tsayar da shi inda rana ba za ta dake shi ba.”

A Birnin Kebbi rumfata na can ƙarshen layi, bayan masu sassaƙa ƙwarya da masu saƙa. Na jera ashana da gwangwani da batir a gefe, na sa fuskokin a tsakiya. Mutane sun tsaya sosai, ɗalibai da ma'aikata da manyan baƙi, wasu sun yaba, wasu sun ce launin ya yi yawa. Amma wadda ta fi tsaya mini a rai wata ma'aikaciyar jinya ce da ta zo da farin kayan aikinta. Ta zo wucewa sai ta ja ta tsaya. Ta matso kusa, ta ƙura wa kumatun ido, sai na ji ta gaishe da zanen da yarensu, a hankali, kamar yadda ake gaishe da babba. Ta juyo idonta ya yi rau-rau, ta ce mini, “Irin tsagen kakata ke nan. Tun da na zo garin nan aiki ban ga abin da ya tuna mini da gida haka ba.” Ta tafi ta dawo da abokan aikinta, ta tsaya a gaban zanen tana yi musu bayanin mutanenta da ƙauyensu, ni da na yi zanen ina gefe ina saurare. Ban taɓa jin girman sana'ata irin na wannan lokacin ba.

An nemi sayen zanen, ban sayar ba. Da aka tashi na mayar da shi Warra, ɗan dattijuwar ya kafa shi a cikin zauren gidansu. Daga baya na yi zane-zane masu yawa, na je baje koli a garuruwan da suka fi Birnin Kebbi nisa, amma tun daga ranar na ɗauki darasi ɗaya na riƙe. Mai zane yana da ikon zuba launin da ya ga dama, ya ƙara girma, ya maimaita fuska sau nawa ya so, mutane za su karɓa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya cire wa mutum abin da ya sa ya zama shi. Shi ya sa har yau, idan na zana wani, ba na cewa na gama sai mai fuskar ya tsaya a gaban zanen ya ce ya ga kansa.