Na-Tura da Gurbin da Ba Ya Cikewa

A ƙaramin asibitin unguwarmu akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, tsakanin ɗakin magani da banɗaki. A nan Na-Tura yake zama. Bakinsa ne ya jawo masa sunan: duk abin da aka tambaye shi, sakamakon gwaji ne ko takardar canjin asibiti, amsarsa ɗaya ce, "Na tura."

Tun yana saurayi ya fara aiki a ɗakin kati, yana zaro fayil yana mayarwa. Da aka kawo kwamfuta aka tura shi kwas, ya dawo da takardar shaida da tabarau. Har yau da yatsu biyu yake bugawa. Ma'aikatan jinya suna sonsa domin ba ya kai ƙarar kowa. Mata suna sonsa domin ba ya manta sunan yaro.

Ga yadda yake aiki. Duk macen da ta zo awo, zai buɗe mata shafin ciki a kwamfuta. A ƙasan shafin akwai gurbin da ake cike yadda cikin ya ƙare: haihuwa lafiya, ko ɓari, ko an haifi ɗa babu rai. Na-Tura ba ya taɓa gurbin nan sai ranar rigakafi. Ranar zai jawo teburinsa kusa da sikeli, ya karɓi jariri, ya ce da uwar, "Wannan kai na babansa ne, Allah ya ba ki haƙuri." Ana dariya sai ya rufe shafin. Wadda ba ta dawo da goyo ba kuwa, a kwamfutarsa tana nan da cikinta, ko shekara nawa.

Ni ban dawo da goyo ba. Cikina yana wata takwas jinina ya hau, aka kai ni babban asibiti, aka ciro 'yata babu rai. Na-Tura ya sani. Har gida ya zo gaisuwa, ya zauna a falo kansa a sunkuye, ya ce da mijina, "Sai haƙuri, ɗan'uwa."

Kwamfutar kuwa ta ci gaba da aiko mini saƙo ta waya: lokacinki ya matso, ki haɗa kayan haihuwa. Mijina ya je ya roƙa a daina. Na-Tura ya ce ya tura, saƙon kuma ya daina zuwa. Daga baya na gane lambar wayata ya goge. Shafin bai taɓa shi ba.

Bayan shekara biyu na sake samun ciki, na koma awo. Na ba shi katina, ya buga, ya ɗan tsuke baki, ya sake bugawa.

"Lafiya?" na ce.

"Lafiya lau, Malama. Tsohuwar kwamfutar nan ce take gardama. Shiga, ungozoma na jiranki."

Ungozomar sabuwa ce, ba ta san ni ba. Ta dubi allon kwamfutarta ta yi murmushi.

"Cikin fari ne, ko? Kada ki ji tsoro."

Na gaya mata abin da ya faru. Ta juyo allon ta nuna mini. Ciki ɗaya ne a ƙarƙashin sunana, da kwanan watan wannan shekarar. Kwamfutar ba ta yarda a buɗe sabon ciki alhali tsohon bai rufe ba, shi ne Na-Tura ya canza kwanan watan tsohon ya mayar da shi sabo. 'Yata, da hawan jinin, da tiyatar, duk babu.

"Yaya, mai irin tarihinki wurin likitan mata take awo a babban asibiti," in ji ta. "Amma takardar turawa daga nan take fita, kuma abin da ke cikin shafin take ɗauka. Ni ba ni da ikon gyara tsohon bayani. Na-Tura kaɗai ke da shi."

Na koma ɗakinsa. Yana shan shayi.

"Malam, ina cikina na farko?"

"Haba Malama. Abin da ya wuce ya wuce. Me ya sa za ki fama wa kanki ciwo?"

"Ciwona ne. Ka mayar da shi."

"Ni fa ba na rubuta wa mutum mutuwa da hannuna. Kuma ba a nan abin ya faru ba. Ban gani da idona ba."

"Ka zo gaisuwa."

Ya ajiye kofin. Ya dubi bango, inda aka rataye takardar yabo a gilashi, wai asibitin bai rasa uwa ko jariri ba a shekarar. Shekarar da na rasa 'yata ce.

"Ba ki san aikin nan ba," ya ce, ya rage murya. "Ina taɓa gurbin can, sai masu bincike sun zo daga ofishin lafiya. A zauna, a tambayi wa ya auna jininki, wa ya ce ki koma gida. Tsohuwar ungozoma ta yi ritaya, tana da jikoki. Kina so a tono ta?"

"Ina so a tura ni wurin likita."

Na jawo kujera na zauna. Mata sun taru a ƙofa da katunansu, wata tana cewa a taimaka a sallame su. Ban motsa ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya dawo da tsohon kwanan watan. Da ya zo gurbin, na ga ya zaɓi ɓari.

"Ba wannan ba."

"Ai duk ɗaya ne, Malama. Wannan ba ya jawo kowa."

"Ɓari ba a haƙa masa kabari. Na ƙasa."

Ya zaɓi na ƙasa: an haifi ɗa babu rai. Kwamfutar ta nemi rana, da asibiti, da nauyin jaririya. Na ba shi duka, ba tare da na duba takarda ba. Ya buga a hankali, yana kuskure yana gogewa. Sannan ya buɗe mini sabon shafi.

Ranar na fito da takardar turawa. Likitan mata ya karanta ta, ya ɗora ni a kan magani a wannan makon, ya ce kada in yarda in tsallake awo ko ɗaya. Cikin yanzu wata shida ne.

Masu binciken sun zo. Na ji sun sa Na-Tura ya zauna ya bi tsofaffin shafuka yana kiran mata a waya, waɗanda bai goge lambarsu ba. Kwanan baya muka yi kiciɓis a kantin magani. Bai gaishe ni ba.

"Kin sa an tsawata mini a gaban yaran da na girme wa iyayensu," ya ce.

Na ce masa sannu, na karɓi maganina na fita.