Matar da ke Noman Ƙwayoyin Cuta a Faranti

Kafin a buɗe ƙofar masu ziyara ta riga ta iso. Takan rataye mayafinta a ƙusa, ta sa farar riga, ta wanke hannu har gwiwa. Sai ta buɗe wani akwati mai ɗumi, ta fito da 'yan farantai masu murfi, ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya wajen taga. Hasken safiya na ratsa su, ja-ja, ita kuma tana kallo kamar mai duba ƙwai. Shekara talatin da ɗaya tana haka a ɗakin gwaji na asibitin masu ciwon daji. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Mai Faranti ake ce mata. Yawancin waɗanda ta yi wa aiki ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Ni na gani, domin faɗa na je yi mata.

Matata ce ke kwance. Ruwan maganin dajin da ake ƙara mata ya raunana jikinta, sai zazzaɓi ya shiga. An yi allura iri biyu, bai sauka ba. Likita ya ce an kai jininta gwaji, a jira. Ni kafinta ne, ban saba a ce mini in jira ba. Na bi baranda har ƙarshe, na buga ƙofa.

"Malama, matata na ƙonewa, ke kina nan kina kallon kwanuka."

"Baba, tsaya nan bakin ƙofa. Kada ka taɓa komai."

Ta kawo faranti ɗaya kusa da idona. Ta ce ƙwayoyin cutar da ke jinin matata ne ta shuka, sun tsiro kamar gajimare. A kansu ta jera 'yan ɗigo farare, kowanne magani daban. Inda magani ya ci, sai a ga fili kewaye da ɗigon. A wannan farantin babu fili ko ɗaya.

"Sun san magungunan nan kamar maƙwabtansu," in ji ta. "Wa ya haɗa su?"

Shekara biyu, duk lokacin da jikin matata ya yi zafi, sai in sayo kafso a kemis, in ba ta biyu ko uku. Da ta ji sauƙi sai in jefa sauran a gwangwanin ƙusoshi. Da likita ya tambaye ni, cewa na yi ba ta sha komai ba.

"Ni ne. Sauran kafson da nake ba ta suna cikin gwangwani a shagona."

"To, je ka kawo gwangwanin. Kai ne na huɗu a watan nan. Sauran sai da suka rantse tukuna."

Da na kawo, ta karanta kwalayen, ta sake shuka da wasu magungunan. Washegari da hantsi ta aika aka kira ni. Ta ɗaga farantin wajen taga. Can gefe ga fili ɗaya, zagaye, garau, kamar ruwa a ƙasan rijiya. Na daɗe ina kallo. Injin ɗakin na gunji a hankali, har na manta a tsaye nake.

Ba ta jira masinja ba. Da ƙafarta ta hau bene ta kai wa likita takardar. Nas ɗin ɗakin ta ce mini kullum haka take yi. Mai shara ta ce ta taɓa ganin babban likita yana daka wa Mai Faranti tsawa ta rubuta sakamako, ta ce masa ƙwayoyin ba su san shi babba ne ba, sai gobe.

Kwana uku da sauya allura zazzaɓi ya sauka. Matata ta buɗe ido ta dube ni.

"Malam, wa ya bar ka ka fito da wannan hular?"

Mai Faranti, ke ce mai noman abin da kowa ke gudu. Ke ce kika kama ni da ƙarya, ba ki kunyata ni gaban 'ya'yana ba. Ban cika yin godiya ba, amma na gode. Allah ya ba ki hutu da lafiya.

Ku da za ku gaji kujerarta, ku koyi haƙurinta. Ku kuma magidanta irina, ku daina ba iyali rabin magani, ku faɗa wa likita gaskiya tun tambayar farko.

Ciwon dajin yana nan, ba wanda ya ce ya tafi. Amma matata tana gida. Jiya ta zauna a ƙofar shagona cikin ƙamshin katako, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na ajiye zarto har ta farka.